Waiwaye: man Doba ya fito, amma yaranmu har yau sahara suke nufa

Shekaranjiya da daddare maƙwabciyarmu a nan Anjamena, babban birnin Chadi, ta shigo gidanmu da waya a hannu, ta ce min ɗana duba min ko yaron nan ya turo saƙo, wata uku kenan ban ji muryarsa ba. Na ce Inna ki yi haƙuri, can wajen ba sabis sosai. Ɗanta yana Kuri Bugudi wajen haƙar zinariya kusa da iyakar Libiya, yaro ne da ya gama makaranta da takardarsa, ya yi klando, wato acaba, shekara biyu babur ɗin ma na wani ne, da ya gaji sai ya hau mota ya yi arewa. Abin ya tsaya min a rai wallahi, shi ya sa na ce bari mu koma baya kaɗan.

Waɗanda suka yi wayo a 2003 za su tuna murnar da aka yi lokacin da aka fara tura man Doba da ke kudancin Chadi ta bututu zuwa Kribi a bakin tekun Kamaru, tafiyar kilomita 1,070. Bankin Duniya ya sa hannu a aikin amma da sharaɗi, shi ne aka yi doka mai lamba 001 a 1999. Dokar ta ce kashi 10 cikin ɗari a ajiye wa 'yan baya, kashi 5 na yankin da ake haƙo man ne, mafi yawan sauran kuma a zuba a asibiti da makaranta da hanya da ruwa da noma, har da kwamitin sa ido wanda akwai 'yan farar hula a ciki. A takarda kam tsari ne mai kyau, duniya ta yi ta nuna mu ana cewa ga misali.

To ba a je ko'ina ba. Ƙarshen 2005 gwamnatin marigayi Idriss Déby ta sauya dokar, aka soke asusun 'yan baya, aka sa tsaro cikin abubuwan da za a kashe wa kuɗin. Ni ba zan ce barazanar ƙarya ce ba, ai 'yan tawaye sun shigo cikin garin nan a 2006, suka sake dawowa a Fabrairun 2008, mu da kanmu mun tsallaka gadar Ngeli zuwa Kusri ta Kamaru da tabarma a ka da yara a goye. Amma abin da ke ci min rai shi ne ba wata majalisa ko kotu ko kwamiti da ya iya cewa tsaya, a taɓa wannan a bar wancan. Bankin Duniya ya janye a 2008, shi kenan zancen ya mutu.

Daga nan sai bashi. A 2014 aka ciyo sama da dala biliyan ɗaya a wajen kamfanin Glencore don sayen kason kamfanin Chevron a rijiyoyin man Doba, za a biya da ɗanyen mai, kuma a shekarar ne farashin mai ya faɗi warwas. Kafin ka ce kwabo an shiga tsuke bakin aljihu na 2016, aka zaftare alawus ɗin ma'aikata, malamai suka yi ta yajin aiki, yara na zaune a gida wata da watanni. Yaron Inna cikin waɗannan yaran yake.

An yi gine-gine kam, an zuba kwalta a wasu unguwanni, ga matatar Jarmaya da aka buɗe a 2011 tare da 'yan China. Sai dai ka fita daga tsakiyar gari ka gani, wutar lantarki kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samu a ƙasar, tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara duk sai da janareto, ribar ta tafi a mai. Mai ɗauko kaya daga Ngaundere ta Kamaru kuma kafin ya iso ya tsaya a shinge nawa, kowane sai ya ajiye wani abu. A haka wa zai buɗe masana'anta ya ɗauki matasa aiki?

Ga tafkin Chadi da ya ja baya tun farin 1973 da na 1984, ga Boko Haram da ta kashe kasuwancin shanu da kifi da Najeriya daga 2014, ga 'yan gudun hijirar Sudan da suka kwararo garin Adre da ke kan iyaka tun Afrilun 2023. Mutane na shigowa, namu na fita. Kuɗin da 'yan ci-rani ke turowa yana riƙe gidaje da yawa, na sani, buhun gero da kuɗin magani daga can suke zuwa, amma da tsada ake samo su, a Mayun 2022 mutum wajen ɗari suka mutu a rikicin masu haƙar zinariya a Kuri Bugudin nan.

Jiya da yamma saƙon ya shigo ta hannun wani ɗan kasuwa, sefa dubu arba'in da 'yar muryar da ya ɗauka a WhatsApp, yana cewa Inna ina lafiya, sai bayan sallah in Allah ya yarda. Ta sa na kunna mata sau uku.