Shin talauci na sa a ƙwace wa iyaye 'ya'yansu? Ga abin da doka ta ce

Wani saƙon murya ne ke yawo a wayoyin iyaye mata 'yan kwanakin nan. Mai maganar na gargaɗin cewa duk wadda ta bar ma'aikaciyar shirin tallafa wa iyaye ta shigo mata gida, to ta kuka da kanta. Wai leƙen asiri take zuwa yi, da ta ga tukunya a kife da katifa a yage sai ta rubuta, bayan kwana biyu a zo a kwashe yara. Na san wata mai jego da ta kulle ƙofa ta yi tsit, ana ta sallama, jaririnta kuwa na fama da gudawa a bayanta.

Abin da za a fara dubawa a kan wannan magana shi ne Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka zartar ranar 20 ga Nuwamba, 1989. Duk ƙasashen Majalisar sun ɗaure kansu da ita in ban da Amurka, kowace kuma tana gina tata dokar a kanta. Ta shafi duk wanda bai kai shekara 18 ba, da iyayensa, da mai riƙonsa, har da dangi.

Sashe na 18 ya faɗa ƙarara cewa renon yaro haƙƙin iyayensa ne tun farko, aikin gwamnati shi ne ta taimaka musu. Sashe na 27 ya ambaci inda za a taimaka idan hali ya yi wuya: abinci, sutura da muhalli. Ke nan uwar da ta nemi tallafi haƙƙinta ta nema, ba kanta ta kai ƙara ba.

Inda ake samun ruɗani shi ne sashe na 9. Ya ce ba za a raba yaro da iyayensa ba da son ransu ba, sai dai idan hukumar da doka ta ba dama ta tabbatar rabuwar ta zama dole don amfanin yaron, kuma sai kotu na da ikon duba matakin. Daga cikin misalan da ya bayar akwai cin zarafi da sakaci. Kalmar sakaci ɗin nan ce ke tsorata mutane, kuma ban ga laifinsu ba. Yaron da ya kwana da yunwa don babu, da wanda ya kwana da yunwa don uwarsa ta kulle shi ta tafi yawo, daga nesa duk kamanninsu ɗaya.

To amma an bambance su. Ƙa'idojin da Majalisar ta fitar a 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce kada talauci shi kaɗai ya zama dalilin ɗauke yaro, a ɗauke shi a matsayin alamar gidan na buƙatar agaji. Ko an kai ga maganar rabuwa, sashe na 9 ya ba iyaye damar a saurare su, ya kuma ba yaron damar ci gaba da ganinsu, sai in hakan zai cutar da shi. Mai ziyara ba alƙali ba ce. Amma kada a yi ƙarya: idan ta ga shatin bulala a bayan ɗan shekara biyu, a ƙasashe da dama wajibinta ne ta kai rahoto.

Me take zuwa yi ke nan? A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, an fara aika ma'aikatan lafiya gidajen yaran da tamowa ta tsumburar. Sau ɗaya a mako, tsawon shekara biyu, suna zama da uwa suna nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta riƙa yi masa magana, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida kamar robar da aka gama amfani da ita. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, aka tarar kuɗin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Abin da ni bai kwanta mini ba shi ne sashe na 4. Ya ce ƙasa za ta yi waɗannan ayyuka gwargwadon ƙarfin aljihunta. Uwa ta gaza, akwai kotun da za ta tuhume ta. Gwamnati ta gaza, galibi rahoto kawai take kaiwa gaban wani kwamiti a Janiba, a ba ta shawara ta koma gida.

Idan mai ziyara ta yi sallama, kina iya neman ganin katin aikinta, ki tambaye ta me take rubutawa a littafinta, kuma wa zai karanta.