Lasifika

Lasifika, ko amsa-kuwwa, na'ura ce da ke mayar da wutar lantarki sauti. Ana samunta a rediyo, talabijin, wayar hannu, mota, da duk inda ake son murya ta kai nesa. Akwai ire-irenta da dama, amma wadda ta fi yawa a duniya ita ce mai maganaɗisu da naɗin waya, kuma tsarinta bai canza sosai ba tun shekarun 1920.

Yadda take aiki

Idan aka cire ragar da ke gaban lasifika, abin da ido zai fara gani shi ne takarda mai siffar mazurari, an manne bakinta da wani laushin roba ko soso don ta iya motsi gaba da baya. A gindin mazurarin akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe a jikin ɗan bututu, kuma naɗin yana zaune ne a cikin wani matsattsen rami a tsakiyar maganaɗisu, ba tare da ya taɓa shi ba. Da wuta ta bi ta wayar sai ita ma ta zama maganaɗisu, babban ya ture ta ko ya jawo ta, gwargwadon inda wutar ta nufa. Takardar na bin wannan motsi, tana tunkuɗa iska, iskar kuma ta isa kunne.

Ana iya gwadawa da batir mai bolt 1.5. A ɗan taɓa wayoyin lasifikar da shi, za a ji "ƙwas", a ga takardar ta turo waje ko ta shige ciki. A juya batirin, sai ta yi akasin haka. Kiɗa ko magana wannan motsin ne ake maimaitawa da sauri. Kunnen matashi lafiyayye yana jin girgiza daga kamar 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda, kuma takarda ɗaya ba ta iya ɗaukar wannan duka da kyau. Shi ya sa ake raba aikin: babbar lasifika ga amo mai kauri, ƙarama ga siririn sauti. Akwatin da ake sa su a ciki shi ma yana da aiki, domin idan babu shi iskar bayan takarda za ta zagayo ta kashe ta gaba, amon ya ramme.

Tarihi

Asalinta daga tarho ne. Abin sauraren da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1876 yana fitar da murya, amma sai an kara shi a kunne. A Jamus, Werner von Siemens ya bayyana dabarar naɗin waya mai motsi wajen 1877, sannan Oliver Lodge a Ingila ya gwada irinta a 1898. Tunaninsu daidai ne, abin da suka rasa shi ne hanyar ƙara wa wutar ƙarfi. Wannan hanya ta buɗe ne bayan wani irin kwan lantarki mai sarrafa gudun wuta da Lee de Forest ya ƙera a 1906, wanda sai bayan wasu shekaru aka gane yadda za a ƙara sauti da shi.

A 1915, a garin Napa na jihar Kalifoniya, Peter Jensen da Edwin Pridham suka haɗa naɗin waya da ƙaho, suka samu muryar da ke isa ga taron jama'a. Sun raɗa wa na'urar suna Magnavox, wato babbar murya da Latin. Ƙahon yana da ƙara, sai dai yana shaƙe sauti, kamar mai magana ta hanci. Chester Rice da Edward Kellogg ne suka magance wannan a Amurka, a aikin da suka wallafa a 1925, inda suka bar ƙaho suka sa takarda mara nauyi ta riƙa dukan iska kai tsaye. Kamfanin RCA ya fito da ita kasuwa wajen 1926 da sunan Radiola, tare da amfilifayarta a ciki, wato na'urar da ke ƙara wa wutar sauti ƙarfi. Masu rubuta tarihi sun saɓa kan wanda ya cancanci a kira maƙirƙirin lasifika. Abin da ba a musu a kai shi ne tsarin Rice da Kellogg ne ya wanzu.

Lasifikokin farko sun dogara da maganaɗisun lantarki, saboda na dindindin mai ƙarfi yana da tsada a lokacin. A 1954 Edgar Villchur ya nuna cewa ƙaramin akwati rufaffe ruf zai iya ba da amo mai zurfi, daga baya kuma Neville Thiele da Richard Small a Ostareliya suka fitar da lissafin da masu ƙera akwatuna ke aiki da shi har yau.

Amfilifaya ta masu koyo

Wutar da ke fita daga wayar hannu ko makirfo ba ta isa ta motsa babbar takarda ba, dole sai an bi da ita ta amfilifaya. Masu koyo sun fi farawa da ɗan guntun kayan lantarki da ake kira LM386, mai ƙafafu takwas, wanda kamfanin National Semiconductor ya fitar. Batir mai bolt 9 ya wadatar da shi. Wuta na shiga ta ƙafa ta 6, ta 4 ita ce ƙasa, wato wadda ake haɗawa da gefen batir mai alamar ragi, a haɗa ta 2 da ita. Sauti na shigowa ta 3 bayan ya ratsa maɓallin ƙara murya, ya fita ta 5, ya bi ta kafasita, wato ɗan kayan lantarki mai ajiye caji, mai kimanin maikrofarad 220 kafin ya isa lasifika mai om 8. Wannan kafasita ba a tsallake ta, ita ce ke tare wutar da ba ta sauti ba, wadda za ta iya ƙona naɗin wayar. Tana da gaba da baya, a duba alamar da ke jikinta kafin a liƙa da dalma.

A haka guntun yana ninka sauti sau 20. Idan aka sa kafasita mai maikrofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, sai ya kai sau 200, amma tsaki da gurnani su ma su ƙaru. Yawancin gurnanin daga dogayen wayoyi yake zuwa, ko daga haɗin ƙasa da bai kama da kyau ba. Ƙarfin da yake bayarwa da irin wannan batir bai kai wat ɗaya ba, kuma ya isa a ji rediyo sarai a cikin ɗaki.

Wasu ire-ire

Akwai lasifikar da ke aiki da siririn leda tsakanin raga biyu masu wuta, da kuma ta ɗan faifan tangaran da ke yin ƙara a agogo.