Me ake nufi da "hoton MRI mai allura" idan sankara ta kai ƙwaƙwalwa?

A ce mace ta yi shekara biyu ana yi mata maganin sankarar mama, sai ta fara tashi da ciwon kai da asuba, wani lokaci har da amai, hannu ɗaya kuma ya yi mata nauyi. Likita ya rubuta a yi mata hoton MRI na kai, mai allura. 'Yan uwa sukan ɗauka allurar magani ce. A'a, wani ruwa ne ake ɗurawa ta jijiya don abin da ake nema ya fito fili a hoton.

Abin da likitan ke zargi shi ne sankarar ta yaɗu. Ƙwayoyinta sukan ɓalle daga inda suka tsiro, su bi jini, su maƙale a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, su yi ƙari a can. Wannan ƙarin sunan asalinsa yake amsawa: sankarar mama ce ta yi zango a kai, kuma da sanin haka ake zaɓa mata magani. Ta huhu ce ta fi yin wannan tafiyar, sai ta mama, da ta fata mai suna melanoma, da ta ƙoda da ta hanji. A wajen manya, irin wannan baƙon ƙari ya fi wanda ya tsiro a ƙwaƙwalwar tun farko yawa.

Na'urar MRI babban maganaɗisu ce, yawanci mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3 a ma'aunin maganaɗisu. Tana aika igiyar rediyo cikin jiki, ruwan da ke cikin nama ya mayar da amsa, kwamfuta ta haɗa hoto. Babu hasken eksire a ciki. A kan wannan fasahar aka ba Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila kyautar Nobel a 2003.

To, ina amfanin allurar? Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da wani shinge mai tsauri da ke hana abubuwa da yawa tsallakawa daga jini zuwa nama. Jijiyoyin da ƙari ke yi wa kansa kuwa ginin gaggawa ne, yoyo suke yi. Ruwan allurar yana ɗauke da sinadarin gadoliniyam, wanda ba ya wuce lafiyayyen shinge amma yana tsiyaya inda ƙari yake, sai wurin ya yi fari tas a hoto. Shi ya sa ake ɗauka sau biyu, kafin allura da bayanta, a gwada. Da haka ake kama ƙarin da bai kai kan ashana ba, wanda in babu allurar sai ido ya wuce shi.

Akwai kuma hoton CT mai amfani da hasken eksire, wanda aka fara yi wa mara lafiya a Landan a 1971. Shi cikin 'yan mintuna an gama, kuma yana saurin nuna zubar jini, don haka shi ake fara yi idan mutum ya faɗi ko ya yi farfaɗiya. Sai dai ƙananan ƙari sukan ɓuya masa, musamman ta wajen ƙeya inda ƙashi ke da kauri.

Dalilin wannan bin diddigi shi ne ƙidaya ce ke yanke shawarar magani. Idan ƙari ɗaya ne babba a inda wuƙa za ta kai, ana iya tiyata. Idan 'yan kaɗan ne ƙanana, sai a yi gashi mai saiti, inda ake harbo haske daga kusurwoyi masu yawa su haɗu a kan ƙarin kaɗai. Likitan Suwidin Lars Leksell ne ya assasa wannan hanyar, na'urarsa ta Gamma Knife, wato wuƙar gamma, ta fara aiki a 1968, kuma duk da sunanta ba a yanka kowa. Idan sun watsu ko'ina, akan gasa ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, wanda yakan taɓa ƙarfin tunawa. Ke nan ƙari biyu da aka tsallake a hoto suna iya sauya duk tsarin. Hoton da za a yi saiti da shi ma dole ya zama sabo, don ƙari ba ya jiran kowa.

Wurin da ya fi ruɗa iyalai, a ganina, shi ne bayan magani. Akan maimaita hoton duk wata biyu ko uku. Wata rana sai rahoto ya ce farin wurin nan ya ƙara girma, gida ya ɗauki salati. Alhali naman da aka gasa yakan mutu, watanni ko ma fiye da shekara bayan gashin, ya kumbura, ya sha gadoliniyam, ya yi kama da sankarar da ta dawo. Likitan hoto da kansa yakan kasa bambancewa da kallo ɗaya. Sai ya ƙara wani salon MRI mai auna jinin da ke ratsa wurin, tunda ƙari mai rai yana jan jini, mataccen nama kuwa ba ya ja sosai. Wani lokaci a yi hoton PET, inda ake ɗura wani sinadari a jini a ga inda ya taru, amma wanda aka saba yi da sukari ba ya cika taimakawa a nan, don ƙwaƙwalwa kanta ba ta da abinci kamar sukari, ko'ina haske take yi. Shi ya sa aka fi son mai amfani da sinadaran amino, waɗanda jiki ke gina furotin da su. In duk bai warware ba, a jira 'yan makonni a sake, ko a ciro ɗan nama a duba.

Haka ma a karon farko, ba duk farin zobe a hoto ne sankara ba. Ƙurji mai mugunya da tarin fukan da ya hau kai sukan yi irin wannan kama.

Kafin a shiga na'urar akan duba lafiyar ƙoda, don ita ke fitar da gadoliniyam. Akan tambayi mace ko tana da ciki, a tambayi kowa ko yana da batirin zuciya ko ɓurɓushin ƙarfe a jiki, musamman a ido. Cikin na'urar akwai ƙara sosai, ga matsi, kuma akan kwanta kamar rabin awa ko fiye ba motsi, don haka mai jin tsoron ƙuntataccen wuri ya faɗa tun da wuri a ba shi abin da zai kwantar masa da hankali. Tsofaffin hotuna kuma a tafi da su, faifan kansa ba rahoton kawai ba, domin likitan hoto gefe da gefe yake jera na yau da na baya yana auna kowane ƙari da milimita.