Yadda jinin mutum ke gane ƙwayar sanƙarau

Sanƙarau dai ba baƙo ba ne a Damagaram, da hunturu ya bushe maƙoshi zafi ya biyo baya sai ka fara jin labarin yaro ya kwanta da zazzaɓi wuya ya sanƙare. Ƙwayar da ke kawo annobar sunanta Neisseria meningitidis, a maƙoshi take zama, mutane da yawa na ɗauke da ita lafiyarsu lau, sai ta kutsa cikin jini ne ake shiga uku.

Kariyar mutum tana ga sojojin jini da ake kira antikor, su ke liƙe wa bayan ƙwayar su kira wasu furotin na jini su huda ta. Tun 1969 bincike kan sabbin sojojin Amurka ya nuna wanda jininsa ke kashe ƙwayar da wuya ya kamu. Jariri da antikor na uwarsa yake zuwa duniya, wajen wata shida sun ragu sosai, shi ya sa ƙananan yara ke shan wuya, abin tausayi wallahi.

Ƙwayar tana da riga ta sukari, da ita ake raba ta A, B, C, W, X, Y. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar, Mali da Burkina a 2010 rigar A aka ɗaura a kan furotin ɗin tetanus don jiki ya daɗe bai manta ba, kuma A ta kusa ɓacewa. Sai C ta taso, ita ce ta kawo annobar Yamai a 2015 da ta jihar Damagaram ƙarshen 2022. Yanzu akwai allurar Men5CV mai haɗa A, C, W, X, Y.

B ce mai wayo, rigarta ta yi kama da wani sukari na jikin ƙwaƙwalwarmu, jiki sai ya ɗauke ta ƴar gida ya ƙyale. Dole masana suka leƙa ƙarƙashin rigar suka nemo furotin irin su fHbp, NadA, NHBA da PorA. Shi fHbp aikinsa ya jawo wani furotin namu mai hana jini kai hari ya lulluɓe ƙwayar da shi, to in antikor suka kama shi ƙwayar ta tonu. Da waɗannan furotin aka yi alluran rigakafin B, wato Bexsero da Turai ta amince da ita a 2013, da Trumenba a Amurka 2014. Matsalar ita ce furotin ɗin suna sauya kama daga wannan iri zuwa wancan, shi ya sa Bexsero ta haɗa huɗu, Trumenba kuma fHbp kala biyu.