Waiwaye: Jahangir Khan da shekaru biyar da ba a doke shi ba a wasan sikwash

Asalin labarin yana Nawakille, wani ƙauye a gefen Peshawar a Pakistan ta yanzu, inda yaran gari ke tsinto wa hafsoshin sojan Birtaniya ƙwallo a kulob ɗinsu na sikwash, wasan da mutum biyu ke buga ƙaramar ƙwallo a jikin bango da raket. In Turawan sun tashi, sai yaran su shiga fili ba takalmi su yi ta bugawa. Cikinsu aka sami Hashim Khan, wanda ya ci gasar British Open sau 7 tsakanin 1951 da 1958. Danginsa Roshan Khan, mahaifin Jahangir, shi ya ɗauki ta 1957.

An haifi Jahangir a Karachi a 1963, yaro ne mai yawan laulayi. Duk da haka yana ɗan shekara 15 ya ci gasar duniya ta 'yan wasan da ba na kuɗi ba a 1979. A shekarar ce kuma wansa Torsam ya yanke jiki ya faɗi yana tsakar wasa a Ostareliya, rai ya yi halinsa. Saura kaɗan Jahangir ya ajiye raket. Ɗan uwansu Rehmat Khan ya tafi da shi Landan ya ci gaba da horar da shi.

A ƙarshen 1981, a Toronto, ya kayar da Geoff Hunt na Ostareliya ya zama zakaran duniya yana da shekara 17. Daga wannan shekara ba wanda ya sake cin sa sai a Nuwamban 1986, da Ross Norman na New Zealand ya doke shi 3-1 a Toulouse ta Faransa. Kundin Guinness ya ce wasa 555 ne a jere, ko da yake wasu masu bin diddigin wasan na ganin adadin bai kai haka ba. Shekarun dai ba a gardama a kansu.

Yadda ya yi hakan na da alaƙa da dokar wasan ta lokacin. Ana zuwa maki 9 ne, kuma mai jefa ƙwallon farko kaɗai ke samun maki. In ka ci bugu ba kai ka jefa ba, jifar kawai ta dawo hannunka. Don haka wasa kan ja ainun: karawarsa da Gamal Awad na Masar a Chichester a 1983 ta ɗauki awa 2 da minti 46. Filin kuwa ɗan ɗaki ne, mita 9.75 a tsawo, 6.4 a faɗi, ga ƙwallon roba da ba ta tsalle sosai sai ta yi zafi. Jahangir kan maka ta da ƙarfi ta bi jikin bango zuwa kusurwar baya, ya koma tsakiyar fili inda layuka suka haɗu kamar harafin T, ya tare ta tun kafin abokin karawa ya maida numfashi. Wanda ƙafarsa ta mutu yakan nemi gama bugu da wuri ta hanyar sauke ƙwallo gaba, sai ta daki kwanon da ke gindin bango mai tsayin inci 19, ya faɗi. Gajiya ce ke cin akasarinsu, ba wata dabara ta ɓoye ba.

Ya ci British Open sau 10 a jere, 1982 zuwa 1991, da gasar duniya sau 6. Wanda ya riƙa tare masa gaba daga 1987 shi ne Jansher Khan, ɗan Peshawar (ba ƙanensa ba ne, duk da kamar suna), wanda ya ci gasar duniya sau 8.

Jahangir ya yi ritaya a 1993, ya kuma shugabanci hukumar sikwash ta duniya daga 2002 zuwa 2008. Yanzu an sauke kwanon zuwa inci 17 ga ƙwararru, ana zuwa maki 11, kowane bugu da makinsa, abin da ya fi yi wa masu kai hari daɗi. 'Yan Masar ne ke jan zarensu a wannan salo. Rabon ɗan Pakistan da kambin duniya na manya tun na Jansher a 1996.