Mene ne CDMO, masana'antar da ke haɗa wa wasu kamfanoni magani?

Duk wanda ya duba kwalbar allurar riga-kafin korona ta Moderna, sunan Moderna zai gani a jiki. Amma lokacin da annobar ta ɓarke a 2020, kamfanin bai taɓa fitar da ko magani ɗaya kasuwa ba, kuma masana'antarsa da ke Norwood a jihar Massachusetts ba za ta iya wadatar da duniya ba. Saboda haka a watan Mayu na 2020 ya ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da kamfanin Lonza na Suwizalan, wanda ya riƙa haɗa sinadarin allurar a garin Visp da kuma Portsmouth a Amurka. Ɗura ta a kwalabe kuma aka bar wa Catalent a Amurka da Rovi a Sifaniya. Ire-iren su Lonza da Catalent da Rovi ake kira CDMO.

Haruffan taƙaitawa ce ta sunan Turanci, ma'anarsa kuwa kamfanin da ake ba kwangila ya tsara hanyar haɗa magani, sannan ya haɗa shi da yawa a madadin mai shi. Yana da 'yan uwa biyu da ake yawan rikita su da shi. CMO haɗawa kawai yake yi bisa tsarin da aka kawo masa a shirye. CRO kuma aikinsa bincike da gudanar da gwajin magani a kan mutane. Shi CDMO tun maganin yana ɗan ruwa a ɗakin gwaji yake shigowa, ya gano yadda za a yawaita shi, yadda za a tace shi, da irin awon da zai tabbatar cewa zubin yau daidai yake da na jiya.

Dalilin da ya sa ƙananan kamfanonin fasahar halittu ke zuwa wurinsu a fili yake. Gina masana'antar irin magungunan da suke ƙirƙira na cin ɗaruruwan miliyoyin daloli da shekaru da dama, alhali kusan tara cikin goma na magungunan da ake fara gwadawa a kan mutane ba sa kaiwa kasuwa. Babu mai zuba jarin da zai yarda a gina katafaren gini saboda maganin da wataƙila ya mutu a gwaji na biyu. Wannan ne ya haifar da manya irin su Samsung Biologics a Songdo ta Koriya ta Kudu, wanda aka kafa a 2011, da WuXi Biologics a ƙasar Sin.

Inda aikin ya fi wuya shi ne matakin da ake kira miƙa fasaha, wato ɗauke hanyar haɗa magani daga ɗakin gwajin mai shi zuwa masana'antar ɗan kwangila. Farasitamol haɗin sinadarai ne, a ko'ina aka bi ƙa'idarsa abu ɗaya zai fito. Magungunan halitta kuwa, irin waɗanda ake yi wa masu cutar daji da sanyin ƙashi allura da su, ƙwayoyin halitta masu rai ne ke samar da su a cikin tanki. Mafi yawan waɗannan ƙwayoyi asalinsu daga ƙwan mahaifar wata 'yar dabba ce mai kama da ɓera. Ana ciyar da su, ana hura musu iska, ana kula da ɗumi da tsamin ruwan da suke ciki na kusan mako biyu kafin a kwashe. Ƙwayoyin da suka yi lafiya lau a tulu mai cin lita biyar za su iya canza hali a tankin lita 2,000, domin juyawar ruwa da yadda iska ke ratsa shi sun bambanta. Da zarar sun canza hali, furotin ɗin da suke fitarwa ma yana iya canzawa kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa hukuma ta ce a kawo hujjar cewa har yanzu maganin da aka gwada ne.

A nan ƙananan kamfanoni suka fi yin tuntuɓe. Sai su tura takardu su zauna jiran kaya. Akwai abubuwan da masanin da ya shekara biyar yana renon ƙwayoyin ya sani amma bai taɓa rubutawa ba: cewa kumfa na tasowa a rana ta takwas, ko cewa wani kayan abincin ƙwayoyin idan daga wani dillali ya fito sakamakon na sauka. Kamfanin da ya san abin da yake yi, mutumin nan yake turawa ya zauna a masana'antar lokacin zubin gwaji da zubin farko na gaske. Haka kuma ba ya ɓoye gwaje-gwajen da suka lalace don gudun jin kunya, tunda ɗan kwangila zai sake faɗawa ramin ne da kuɗin mai magani.

Bayan kwangilar kuɗi, akwai takarda ta biyu da ake kira yarjejeniyar inganci. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta fitar da jagora a kanta a 2016, kuma abin da ta jaddada shi ne babu ɓangaren da zai iya sauke nauyin da doka ta ɗora masa ta hanyar sa hannu a takarda. A ciki ake rubuta wa ke da ikon cewa zubi ya cancanci fita, cikin kwana nawa masana'anta za ta sanar idan wani abu ya kauce wa tsari, ko za ta iya sauya na'ura ko dillali ba tare da izini ba, da kuma sau nawa mai magani zai shigo bincike. Karanta ta na da gundura, shi ya sa ake barinta sai ƙarshe, amma ita ake fara zarowa ranar da aka samu matsala.

Abin da ya faru a Baltimore a watan Maris na 2021 ya nuna girman lamarin. Kamfanin Emergent BioSolutions yana haɗa allurar korona ta Johnson & Johnson da ta AstraZeneca a gini ɗaya, sai sinadarin ɗaya ya gurɓata ɗaya, aka yi asarar abin da ya kai allurai kusan miliyan 15 a zubin. Duk wanda ya taɓa kai masara injin niƙa bayan wani ya niƙa barkono ya san irin wannan. Gwamnatin Amurka ta cire aikin AstraZeneca daga wurin, ta ɗora Johnson & Johnson a kan kula da masana'antar. A Agustan wannan shekarar ma Japan ta dakatar da allurar Moderna kusan miliyan 1.6 bayan an ga ɓurɓushin ƙarfe a kwalaben da aka ɗura a Sifaniya. A 2023 kuma FDA ta jinkirta amincewa da sabon samfurin maganin ido na Regeneron, Eylea HD, saboda abin da masu bincike suka gani a masana'antar Catalent da ke ɗura shi, duk da cewa ba a sami aibu a maganin kansa ba.

Sai batun layi. Tankuna ƙidayayyu ne, ana kama gurbi watanni da yawa kafin lokaci, ana biyan kuɗin kamun, wanda ya fasa kuma a ci shi tara. Ƙaramin kamfani mai zubi biyu a shekara ya kamata ya tambayi kansa ko zai samu kulawa a wurin da manyan kwastomomi ke yin zubi ɗari. A ganina, sau da yawa matsakaiciyar masana'anta da za ta ɗauki wayarsa ta fi masa babbar da sunanta ke burge masu zuba jari.

Rabuwa ma tun ranar ɗaurin kwangila ake tanadinta. Idan an gina maganin a kan ƙwayoyin halitta mallakin ɗan kwangila, kamar tsarin GS na Lonza, akwai kuɗin lasisi da zai bi maganin duk inda ya koma. Dole a rubuta wa ke da ma'ajiyar ƙwayoyin asali da bayanan kowane zubi, domin mai masana'anta na iya canzawa dare ɗaya. A 2024 Novo Holdings ya sayi Catalent a kan dala biliyan 16.5, ya sayar wa Novo Nordisk, kamfanin magani da ke ƙarƙashin ikonsa, masana'antu uku na ɗura allura, sai ga abokan hamayyar Novo sun wayi gari suna haɗa kayansu a gidansa. A Satumban 2024 kuma majalisar wakilan Amurka ta amince da ƙudurin taƙaita hulɗa da wasu kamfanonin ƙasar Sin, wanda ya ambaci WuXi da suna, lamarin da ya sa kamfanoni da dama suka shiga neman masana'anta ta biyu.

Najeriya ta ɗanɗana illar dogara da wuri ɗaya. Allurar AstraZeneca kusan miliyan 3.9 da ta sauka a Abuja ranar 2 ga Maris, 2021 ƙarƙashin COVAX, shirin raba wa ƙasashe allurar korona, kamfanin Serum Institute da ke Pune a Indiya ne ya haɗa ta bisa lasisi. Makonni kaɗan bayan haka cutar ta tsananta a Indiya, gwamnatin ƙasar ta tsayar da fitar da allurar waje, ƙasashen Afirka suka yi watanni suna jiran kashi na gaba.