Kumburin Ido A Ƙadangare Mai Gemu: Tambayoyi Da Amsoshi

Ƙadangare mai gemu, wanda masana ke kira Pogona vitticeps, asalinsa daga busassun yankunan tsakiyar Ostareliya yake. Saboda sanyin halinsa, yau yana cikin ƙadangarun da aka fi ajiyewa a gida a faɗin duniya. Babba yakan kai tsawon santimita 45 zuwa 60 har da wutsiya, kuma idan ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15. Gemun nasa fata ce mai ƙayoyi a maƙogwaro, yakan hura ta, ta yi baƙi ƙirin idan ransa ya ɓaci ko jikinsa ba daɗi. Cikin abubuwan da ke tayar wa masu kiwonsa hankali, da wuya a sami wanda ya kai kumburin ido.

Na ga idanunsa biyu sun firfito kamar za su faɗo, can kuma suka koma. Ciwo ne?

Galibi ba ciwo ba ne, ko da yake ranar da mutum ya fara gani sai gabansa ya faɗi. Ƙadangaren yana kwance a kan dutsensa, sai ka ga idanun sun turo waje tulu-tulu, fatar da ke kewaye da su ta miƙe, bayan 'yan daƙiƙoƙi su lafa, ya ci gaba da kallonka kamar ba abin da ya faru. Shi da kansa yake yin haka. An fi ganin wannan ɗabi'a lokacin saɓa, shi ya sa ake ganin yana miƙe fatar gefen idon ne don tsohuwar ta saki. Wani lokaci kuma da safe yake yi, bayan ya tashi daga barci.

Muddin idanun biyu suka fito tare, suka koma tare cikin ɗan lokaci, ba hawaye ba kwantsa, yana cin abincinsa, to a ƙyale shi.

To ta yaya zan gane kumburin da ya zama ciwo?

Da lokaci ake ganewa. Wanda ya yi da gangan ba ya daɗewa, na ciwo kuwa yana nan da safe, yana nan da yamma, gobe ma ka tarar da shi. Duba ko fatar idon ta yi ja ko ta yi kauri, ko akwai kwantsa ta bushe a gefe, ko ƙwayar idon ta yi hazo-hazo. Lura da halinsa ma. Wanda idonsa ke ciwo yakan runtse shi, yana goga fuskarsa a jikin itace, ko ya ɗago ƙafar baya yana susa. Ka jefa masa gyare, ya kai harshe ya kuskure, ya sake kaiwa ya kuskure, a ƙarshe ya haƙura. Da ido yake farauta, don haka idan idon ya samu matsala, cin abinci ne ke bin baya.

Tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce: ido ɗaya ne ko biyu? Ɗaya yakan nuna abin da ya sami idon kansa. Biyu kuwa yakan nuna matsala a fitila, ko a abinci, ko a cikin jiki. Ƙa'idar ba kullum take cika ba, amma tana rage lalube.

Ido ɗaya ne ya kumbura. Me ke kawo wannan?

Na farko abin da aka shimfiɗa masa. Yashi mai laushi, ɓawon gyaɗar turawa da aka niƙa, ko duk wani abu mai ƙura, yana shiga ƙarƙashin fatar ido ya yi ta gogar ƙwayar har ya ƙuje ta. Sai saɓar da ta maƙale a gefen ido ta bushe ta ɗaure wurin. Akwai kuma rauni. Gyaren da aka bari ya kwana a kejin yakan ciji ƙadangaren yana barci, kuma fatar ido ce wuri mai taushi. Idan an haɗa biyu a keji ɗaya, cizo da yakushi ba sa wuya, domin dabba ce mai son zaman kaɗaici. Ƙananan ƙwari masu shan jini, kamar ɗigon barkono, su ma sukan taru a lungun ido.

Kowanne daga cikin waɗannan yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, daga nan sai ƙurji. Ƙurjin ƙadangare ya sha bamban da namu. Mugunyarsa ba ta zama ruwa ta fashe ta zuba, daskarewa take yi ta yi tauri kamar cuku. Matsa shi ba ya fitar da komai sai azaba, jira kuma ba ya sa ya nuna. Likitan dabbobi ne zai tsaga ya kwashe ta, ya wanke wurin, sannan magani ya yi aiki.

Akwai wasu dalilai biyu da ba a so a ji, amma ya kamata mai tsohon ƙadangare ya sani. An san wannan jinsi da ciwon daji na fata da ke fitowa a fatar ido ko kusa da ita, yakan fara kamar ɗan miki da ya ƙi warkewa. An kuma san su da kumburin jijiyar jini a kai, wanda ke iya turo ido waje. Wannan na biyun shi ne babban dalilin da ya sa ba a taɓa soka wa kumburi allura a gida, don idan jijiya ce, jinin ba zai tsaya ba.

An ce fitilar kejin ma tana lalata ido. Ba ita ce ke ba shi lafiya ba?

Ita ce, kuma a nan ne na fi ganin ana kuskure da kyakkyawar niyya. Ƙadangare mai gemu yana buƙatar hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da idon mutum ba ya gani, don fatarsa ta haɗa bitamin D3, wanda sai da shi jiki ke iya tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, daga abinci. Amma wannan hasken idan ya yi yawa, ko fitilar ta yi kusa, ko aka kafa ta a gefe tana haska shi ido da ido, yana ƙona saman ƙwayar idon, irin abin da ke samun mai walda idan ya yi aiki ba tabarau. An samu irin wannan da wasu ƙananan ƙwayayen fitila masu murɗaɗɗen gilashi, waɗanda ke tara haske mai ƙarfi a wuri ɗaya.

Alamar a fili take: ka sa sabuwar fitila, bayan kwana biyu ko uku ƙadangaren ya rufe idanunsa biyu, ya ƙi buɗewa, ya maƙale a lungu ya ƙi abinci. Idan haka ta faru, kashe fitilar UVB ɗin nan take, ka bar fitilar da ke ba shi ɗumi a kunne. Idan ita ce sanadi, yawanci sauƙi yakan fara bayyana cikin 'yan kwanaki. Daga nan a koma doguwar fitila, a kafa ta daga sama kamar yadda rana take, a bi nisan da kamfanin ya rubuta a kwali, a kuma bar masa inuwar da zai shiga idan ya gaji da haske.

Abu biyu kuma game da ita. Hasken UVB ba ya ratsa gilashin taga ko na keji, don haka ajiye shi bakin taga a rufe ba ya maye gurbin fitila. Sannan fitilar tana daina fitar da UVB tun tana ci gaba da haske a idonka, shi ya sa ake sauya ta bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinta. Rubuta ranar da ka kafa ta a jikinta.

Na karanta cewa ƙarancin bitamin A ne. In saya in ba shi?

Kada ka yi gaggawa. Gaskiya ne ƙarancinsa yana busar da hanyoyin da ke jiƙa ido, fatar ta kumbura, kwantsa ta taru. Sai dai bitamin A ba ya fita ta fitsari idan ya yi yawa, a hanta yake taruwa, kuma yawansa guba ne da shi ma ke kawo kumburin ido da wuya da jiki, har fata ta riƙa salewa. Ka ga ke nan mai hasashe zai iya ƙara wa dabbar ainihin abin da ke cutar da ita.

Hanyar da ba ta da haɗari ita ce ta kwano. Ganyaye masu duhun kore, kabewa, da ɗan gurzajjen karas suna ɗauke da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A daidai buƙata. Ƙwarin da za a ba shi ma a ciyar da su irin wannan kwana ɗaya ko biyu kafin a miƙa masa. Ƙarami ya fi cin ƙwari, babba kuwa ganye ya kamata ya rinjayi abincinsa. Allura ko ɗigon bitamin A, wannan sai da awon likita.

Tun da ana maganar abinci: kada a taɓa ba shi maƙesu, ƙwaron nan mai ƙyalla wuta da dare. Guda ɗaya yana iya kashe shi.

Kafin in samu likita, me zan iya yi masa?

Kwashe shimfiɗar kejin ka sa farar takarda mai tsabta. Idan yana da abokin zama, raba su. Wanke idon da ruwan gishirin asibiti marar haɗi, irin na kashi 0.9 cikin ɗari: ka riƙe shi a hankali, ka ɗiga daga gefe ruwan ya gangara, kada bakin kwalbar ya taɓa ƙwayar. Idan kwantsa ta liƙe fatar, jiƙa auduga ka ɗora na ɗan lokaci har ta yi laushi. Kada ka buɗe idon da ƙarfi, kada ka fizge saɓar da ba ta saki ba.

Sai ka auna zafi da ma'auni, kada ka dogara da tafin hannu. Wurin shan ɗumi ya kasance tsakanin digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya ɓangaren kejin 24 zuwa 28, da dare kuma kada ya sauka ƙasa da 18. Danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ya wadatar. Jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa, kuma garkuwar jikin da narkar da abinci duk da zafi suke aiki. Ƙadangaren da ke kwana cikin sanyi, ko an ba shi maganin da ya dace, da ƙyar yake murmurewa.

Akwai ragowar maganin idona a gida. Ba zai yi ba?

A'a. Da yawa daga magungunan ido na mutane suna ɗauke da sinadarin kwantar da kumburi wanda, idan akwai ƙujewa a ƙwayar idon, yake hana ta warkewa har ta iya hujewa. Kuma ba a ganin ƙujewar da ido kawai. Likita yakan ɗiga wani rini, ya haska fitila mai shuɗin haske, wurin da ya ƙuje ya fito kore shar. Gwajin ba ya cin lokaci, kuma shi ke nuna maganin da za a iya sakawa da wanda ba za a iya ba.

Yaushe ne jira ya zama ganganci?

Idan an kwana biyu ana wankewa ba sauƙi, a kai shi. Idan kuwa akwai jini, ko mugunya, ko ƙwayar ta yi fari, ko idon ya turo ya ƙi komawa, ko yana numfashi da baki a buɗe da majina, ko gemun ya yi baƙi ya ƙi washewa, to ranar za a tafi. Ƙadangare dabba ce da ake farauta a daji, don haka ɓoye ciwo a jininsa yake. Ba ya kuka, ba ya nishi. Lokacin da ka ga alama, ciwon ya riga ya yi nisa.

A nemi likitan da ya saba da dabbobi masu jan ciki, don awon maganinsu daban ne da na kare da kyanwa. Tafi da hoton kejin, da kwalin fitilar, da gwangwanin garin bitamin da kake barbaɗawa, da ɗanyen kashinsa idan ya samu. Idan idanun biyu ne suka kumbura ba wani dalili a fili, yana iya neman gwajin jini da hoton ciki, saboda ciwon ƙoda ko na zuciya yakan tara ruwa a jiki ya bayyana a fuska.

Nawa idanunsa ba su kumbura ba, zurmawa suka yi ciki, kuma ba ya motsi sosai.

Zurmawar ido alamar ƙarancin ruwa ce ko rama mai tsanani. Manya sukan yi wani dogon kwanci a lokacin sanyi, su rage ci su yi ta barci na makonni, kuma wannan ɗabi'a ce. Amma mai wannan kwancin ba ya zubewa, idonsa kuma garau yake idan ka tashe shi. Ɗora shi a sikeli kowane mako ka rubuta. Idan nauyin yana sauka, ciwo ne, wataƙila tsutsar ciki, wadda gwajin kashi ke nunawa.

Duba muƙamuƙinsa da ƙafafunsa ma. Muƙamuƙi mai laushi, yatsu masu karkarwa, ko jan ciki a ƙasa maimakon ɗaga jiki, alamun laushin ƙashi ne, wanda rashin kalsiyam da rashin UVB ke kawowa. Shi ya sa wanda ya kashe fitila saboda ido kada ya bar ta a kashe har abada.

Zan iya ɗaukar ciwon daga wurinsa?

Abin da ya fi dacewa ka kiyaye ba a idon yake ba, a kashinsa yake. Ƙadangare mai gemu, ko yana cikin ƙoshin lafiya, yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sha danganta ɓarkewar cutar da waɗannan dabbobi, kuma tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki su riƙa taɓa su. Wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa idonsa da bayan ka gama, kada ka sumbace shi, kuma kada a wanke kwanonsa a inda ake wanke kwanukan cin abinci.